Yadda Ake Duba Tsohuwar Mota Kafin a Biya, da Aikin Makon Farko

Wanda ya fita neman Mercedes W123, ko BMW E30, ko Peugeot 504, ko Volkswagen Beetle, ko tsohuwar Land Cruiser, galibi ya riga ya kamu tun kafin ya ga motar. Zuciya ta gama ciniki alhali ido bai fara aiki ba. Na duba irin waɗannan motoci da dama, wasu don kaina, wasu don abokai, kuma darasin da ya fi cin aljihuna shi ne wannan: a tsohuwar mota bodi kake saya. Inji ana sauke shi a gyara, ko a nemo wani a ɗora. Bodin da tsatsa ta cinye kuwa, walda ce wata da watanni, kuma ba ka sanin iyakarta sai an fara yanka.

Kayan da za ka tafi da su

- Tocila mai haske sosai. Ta waya ba ta isa ba.
- Ƙaramin maganaɗisu, a naɗe shi a tsumma don kada ya karce fenti.
- Sukudireba mai kauri.
- Tabarma ko kwali na kwanciya, da kayan da ba ka jin ƙyashin su ɓaci.
- Farin tsumma ko takarda.
- Mitar auna lantarki.
- Ma'aunin matsin silinda da sifanar fulogi, in kana da su.
- Jak, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota.
- Takarda da biro.
- Mutum ɗaya da motar ba ta burge shi ba. Wannan ya fi duk sauran amfani.

1. San motar kafin ka bar gida

Kowace tsohuwar mota tana da inda ciwonta yake, kuma masu ita sun daɗe da saninsa. W123, wadda aka ƙera kimanin miliyan 2.7 daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, tana ruɓewa a wuraren kafa jak da ƙarƙashin batir, kuma magudanan ruwan da ke kusa da maƙalar bonet suna toshewa, ruwa ya gangara cikin daɓen motar. Beetle tana ruɓewa a daɓe da kuma bututun ɗumama ɗaki da suka bi ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda su ne ƙashin bayan bodinta. E30 mai silinda shida bel ne ke juya kamshaf ɗinta, kuma in ya tsinke fistin zai daki bawul. Mercedes W124 ta farkon shekarun 1990 ta yi suna da wayoyin inji da rufinsu ke marmashewa. Rubuta irin waɗannan a takarda ka tafi da su.

Ka kuma bincika ko ana samun kayan gyaranta. Beetle an ƙera sama da miliyan 21, ta ƙarshe ta fito a Mekziko a 2003, don haka kusan babu abin da ba a samu. Motar da aka ƙera 'yan dubbai kuwa, fitilar baya ɗaya za ta iya zaunar da kai shekara. Ga mai farawa, shawarata ita ce ya zaɓi motar da aka yi da yawa.

2. Gindaya sharuɗɗan zuwa

Uku ne. Da rana, a fili. Motar a bushe, domin ruwa yana ɓoye laifin fenti. Sannan kada a tayar da ita kafin ka iso. Da isarka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, kuma wahalar tashi da hayaƙin farko da ƙarar farko duk sun wuce ba ka gani ba. Babu laifi ka ce za ka dawo gobe.

3. Takardu da lambar shasi

Nemo lambar shasi a jikin ƙarfen motar, ka gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi. Motocin da aka ƙera daga 1981 yawanci lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce. Na kafin nan kowane kamfani da tsarinsa. In ka ga alamar goga, ko walda, ko sabon fenti a kewayen lambar kaɗai, ka yi sallama ka tafi. Haka in sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne kuma babu bayani gamsasshe.

Mitar tafiya kada ta ruɗe ka. Da yawa daga tsofaffin motoci alƙaluma biyar gare su, in sun kai 99,999 sai su koma sifili. Robar feda, da sulɓin sitiyari, da lotsawar kujerar direba sun fi mita faɗin gaskiya. Tarin rasiɗan gyara na shekaru kuwa ya fi sabon fenti daraja a wurina.

4. Bodi da tsatsa

A nan za ka kashe rabin lokacinka. Fara sanin irin ginin motar. Akwai mai shasi daban, kamar Land Cruiser jerin 40 da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, inda bodi ke zaune a kan ƙarfe mai kamar tsani. Akwai kuma wadda bodin shi ne shasin, kamar W123 da E30 da 504 salun. A ta farko ruɓewar shasi ce abin tsoro. A ta biyu, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da inda ƙafafun mota suka kama bodi su ne ke ɗauke da nauyi. In sun ruɓe, motar ta rasa ƙarfinta ko da tana sheƙi.

Tsuguna a gaban motar ka kalli tsawon gefenta zuwa baya. Haske zai nuna maka duk wani tudu da kwari. Dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, da ta bonet, da ta but: ya kamata dama da hagu su yi daidai. Buɗe kowace ƙofa ka ɗaga ta sama kaɗan. In ta yi wasa da yawa, ko dai maƙala ta ci, ko ginshiƙin da ta kama ya yi laushi.

Yanzu ɗauki maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofofi, da bakin ramin taya, da ƙasan gilashin gaba da na baya. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne. Inda ya saki, an cike da foti, wato ƙullin da masu fenti ke cike lotsawa da shi. Foti kaɗan a tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne. Abin da kake nema shi ne inda aka toshe rami da shi. Ka tuna maganaɗisu ba ya kama alminiyom, don haka a tsohuwar Land Rover wannan gwaji ba ya aiki a ɓangarorin bodi, sai a shasi da bangon da ke tsakanin inji da ɗaki. In ba ka zo da maganaɗisu ba, ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa: ƙarfe yana amsawa da zaƙin murya, foti kuwa ƙararsa a dushe take.

Ƙurajen da ke tasowa ƙarƙashin fenti kada ka raina su. Tsatsa daga ciki take farawa, a inda laka da ruwa ke kwanciya, sai ta gama cin ƙarfen sannan ta leƙo. Ƙurji kamar ƙwayar wake a waje, sau da yawa rami ne kamar tafin hannu a ciki.

Ɗaga kafet, gaba da baya, ka taɓa abin da ke ƙarƙashi. Danshi ko warin rima na nufin ruwa na shiga. Fitar da safaya ka haska raminta. Dubi ƙarƙashin batir, domin ruwan batir yana cin ƙarfe.

Sai ƙarƙashin mota. Gargaɗi tukuna: kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle tsohuwar da wurin kafa jak ɗinta ma zai iya burmawa. Tokare ta da ƙafafun ƙarfe a ƙasa mai tauri, ko ka nemi izini a kai ta garejin da ke da rami ko na'urar ɗagawa. In babu ko ɗaya, kwanta a gefe ka haska, za ka ga fiye da rabi. Nemi izinin mai ita, ka danna duk inda kake zargi da sukudireba. Ƙarfe lafiyayye ba ya motsi. In ka ji yana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, ya mutu.

Abin da na fi tsoro shi ne baƙin kwalta sabo fil a ƙarƙashin mota mai shekara arba'in. Na taɓa sayen wata salun da aka shafe ƙasanta haka, na yi ta murna an kula da ita. Ranar da muka kankare, abin da muka tarar a daɓen direba gwangwani ne aka liƙa da ƙusoshi aka rufe. Tun daga nan na fi son in ga ƙarƙashi da dattinsa na asali.

5. Inji a kashe

Zaro sandar awon baƙin mai ka goga a farin tsumma. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a dizal. Abin gudu shi ne mai da ya koma fari-fari mai kauri, alamar ruwa ya haɗu da shi, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ko mai warin fetur. Buɗe murfin zuba mai ka dubi cikinsa. Kumfa kaɗan na iya zama raɓa ce daga gajerun tafiye-tafiye, amma in ta haɗu da ruwan lagireto da ke raguwa, ka zargi gasket ɗin kan silinda.

Buɗe lagireto, amma sai inji na da sanyi. Mai zafi zai watsa maka tafasasshen ruwa a fuska. Ruwa mai launin tsatsa na nufin an daɗe ana zuba ruwa zalla babu maganin hana tsatsa. Mai yana yawo a kai kuma labari ne marar daɗi. Matsa tiyo-tiyon: wanda ya yi tauri kamar itace ko ya kumbura ya gama aiki.

A Beetle babu lagireto, iska ke sanyaya ta. Abin da za ka yi shi ne ka kama babbar fulin ƙasa ka ja ta gaba da baya. In ka ga motsi da ido ko ka ji ƙwas, injin na neman a buɗe shi.

Auna batir: cikakke yana nuna volt 12.6 ko kusa. Beetle ta kafin 1967 galibi volt 6 ce, kada ka yi mata taimakon tashi da batirin zamani kai tsaye.

6. Tayarwa

Sa abokinka ya murza makulli, kai ka tsaya a baya kana kallon salansa. Kafin nan ka tabbata fitilar mai da ta caji suna kamawa in an buɗe makulli, sannan su mutu da inji ya tashi. Fitilar da ba ta kamawa sam, wani lokaci cire ƙwanta aka yi.

Hayaƙi shuɗi na 'yan daƙiƙu da farko, robobin bawul ne, gyara mai sauƙi. Shuɗin da ke ƙaruwa in an taka totur, ringin fistin ne ko silinda ta ci. Farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, mai ɗan ƙamshin zaƙi, ruwa ne ke shiga silinda. Baƙi a injin fetur, fetur ɗin ne ya yi yawa, yawanci saitin kafireto.

Kasa kunne. Ƙaramin tik-tik daga sama sau da yawa saitin bawul ne. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke bin totur, kuɗi ne masu yawa. Sake auna batir yanzu: tsakanin volt 13.8 da 14.4 na nufin caji na tafiya. A bar injin yana aiki har ya kai zafinsa, ka ga ko allurar zafi za ta tsaya wuri ɗaya.

7. Gwajin matsi

In mai mota ya yarda, wannan minti ashirin ɗin ya fi duk wani rantse-rantse. Da inji mai ɗumi, cire fulogi duka, katse wutar koyil da hanyar fetur, taka totur har ƙasa, a juya inji sau biyar ko shida a kowace silinda. Ba girman lambar kaɗai ake kallo ba, daidaituwarsu ake nema: bambanci kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai ka sake. Ta tashi, ringi ne. Ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket. Biyu maƙwabtan juna sun faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Ma'aunin fetur ba ya aiki a dizal, matsinsa ya ninka.

In babu ma'auni, karanta fulogin. Launin toka-toka mai ɗan ja lafiya ne. Jiƙaƙƙe da mai, ko wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran na da datti, suna nuna silindar da ke da matsala. A dizal, sassauta murfin zuba baƙin mai inji na aiki ka bar shi a kan ramin. In yana tsalle hayaƙi na bulbulowa, matsi na zurarewa.

8. Tuƙi

Kashe rediyo. Minti ashirin aƙalla, da hanya mai gargada da wadda za ka ɗan yi gudu. Gwada birki tun kana tafiya a hankali. Feda ta tsaya da tauri. In tana nutsewa sannu a hankali ƙarƙashin ƙafarka, babbar silindar birki na yoyo ta ciki. Motar da ke ja gefe ɗaya, birkin ɗaya ɓangaren ya maƙale.

Don gwada kuloci, sa giya ta sama kana tafiya a hankali ka taka totur sosai. In ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, yana zamewa. Sauko daga ta uku zuwa ta biyu da ɗan sauri ka ji ko za ta yi gurnani. Saki totur kwatsam a kowace giya ka ga ko za ta fita da kanta. In mai canza giya da kanta ce, man giyarta ja ne. Wanda ya yi duhu yana warin ƙuna ya ba ka amsa.

Tsohuwar mota ba za ta yi shiru kamar ta yau ba, kuma sitiyari mai akwati yana da ɗan wasa tun asali. Kada ka ƙi mota don wannan. Da kun dawo, bar ta tana aiki minti biyar, kashe, sake tayarwa da zafinta, sannan ka leƙa ƙasa ka ga abin da ke ɗiga.

9. Lantarki da cikin ɗaki

Danna kowane maɓalli. Leƙa ƙarƙashin dashbod: wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif su ne ke ƙona tsofaffin motoci. A W123 mai dizal, iska mai zuƙa ce ke kulle ƙofofi kuma ita ke kashe inji, don haka in ka zare makulli inji ya ci gaba da aiki, yoyon iska ne, ba aljanu ba. Na'urar sanyaya ɗaki ta motocin kafin tsakiyar shekarun 1990 da gas ɗin R12 take aiki, wanda aka daina yi. "Gas kawai take so" magana ce ta mai sayarwa da ba na ɗauka.

Abin da masu farawa ke rainawa shi ne ƙananan kaya: dashbod da ya tsage, datsar ado ta gefe, yadin kujera na asali. Waɗannan sukan fi kayan inji wuyar samu.

10. Lissafi

Raba abin da ka rubuta gida uku: na tsaro, na lafiyar inji, na ado. Kai wa makaniki da mai walda su kimanta, ka ninka kimar waldar biyu. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don shekarar farko. In kuɗin sayen ya cinye komai, motar ta fi ƙarfinka a yanzu. Tsakanin mai araha da ke neman aiki da mai tsada da ke lafiya, kusan kullum ta biyun ce ke zama mai sauƙi a ƙarshe. Kada ka biya a ranar farko. Kwana ɗaya yana sanyaya zuciya.

11. Makon farko a gida

Ko me aka faɗa maka, ɗauka ba a yi komai ba. Bi wannan jeri, birki kafin ado.

Tayoyi: a gefen kowace akwai alƙaluma huɗu bayan rubutun DOT. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000. Wadda ta kai shekara goma a cire ta ko da zanenta bai ci ba.

Birki: man birki na DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi, ana canza shi duk shekara biyu. Canza tiyon roba na birki ma, domin yana kumbura ta ciki. Kada ka gauraya DOT 3 ko DOT 4 da DOT 5, kuma tsofaffin Citroën masu koren mai na LHM ba sa shan ko ɗaya daga ciki.

Tiyon fetur: fetur mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba. Canza duka da wanda aka yi don haka, irin mai lamba SAE J30 R9, ka sa sabuwar filta, ka ajiye tukunyar kashe gobara inda hannunka zai kai daga kujerar direba.

Sai bel ɗin taimin, wato mai juya kamshaf, in motar na da shi, tare da famfon ruwa. Sai baƙin mai da filta, man giya, man aksul na baya, ruwan lagireto. Yi amfani da kaurin man da littafin motar ya ce. Siririn man motocin yau yakan zurare a tsohon inji. Beetle ba ta da filtar mai ta gaske, 'yar raga ce kawai, shi ya sa ake canza manta duk kilomita 5,000, a saita bawul a milimita 0.15 inji na da sanyi.

In motar ta shekara da shekaru a ajiye, kada ka sa batir ka murza. Zubar da tsohon fetur. Cire fulogi, ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, bar shi ya kwana, sannan ka juya injin da sifana ta kan fuli har zagaye biyu. In ya juya lami lafiya, zuba sabon mai, juya shi da kik babu fulogi har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da fulogi ka tayar. In ya ƙi juyawa da hannu, kada ka matsa masa da dogon ƙarfe. Ƙara mai mai ratsa tsatsa, ka ba shi mako guda, kana gwadawa gaba da baya kaɗan-kaɗan kowace safiya.